Ana Rawa da Kiɗansa, Ana Hana Shi 'Ya

A wata unguwa da ke gefen garin Zuru akwai wani saurayi ɗan shekara 23 wanda kullum, da gari ya fara wayewa, yakan saɓa wani tsohon buhu ya nufi bayan gari. Duk unguwar an san abin da ke cikin buhun, amma bai daina ɓoyewa ba saboda kunyar mahaifinsa. Goge ne. A gindin wata ɗorawa yake zama, inda amon ba zai kai gida ba, ya shafe awa 2 yana maimaita abin da ya maimaita jiya. Daga nan sai gona idan damina ce, ko kabu-kabu idan rani ne. Da la'asar sakaliya ya sake komawa ya ƙara awa guda. Shekara 6 ke nan yana wannan zirga-zirga, kuma har yau idan aka tambayi danginsa sana'arsa, sai su ce ba ya aikin komai.

Wannan amsa ta dangi ita ce ta cancanci a gurfanar da ita. Abin da saurayin nan yake yi a gindin ɗorawa aiki ne, kuma ilimi ne mai ƙa'ida da matakai. Al'ummar da ke cika fili idan ya ja tsirkiya a wurin biki, sannan ta juya masa baya idan ya aika neman aure, tana zaluntarsa, tana kuma kashe wani abu nata da ba za ta iya sayowa a kasuwa ba idan ya ƙare.

Abin da ke faruwa a gindin ɗorawa

Wanda bai taɓa riƙe goge ba yakan ɗauka abu ne mai sauƙi, tun da tsirkiya ɗaya ce tal. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiyar izgar doki, aka tokare ta da ɗan icen da ake kira jaki. Sai kuma ɗan bakan da ake gogawa da shi, shi ma na izga. A ido ke nan. A hannu kuwa labari ya sha bamban.

Kafin saurayin ya fitar da amo ko ɗaya, sai ya duba lafiyar fatar. Da damina takan saki saboda laima, muryar gogen ta dushe, sai ya gasa ta a rana ko a gefen wuta. Da hunturu kuma izgar ce ke bushewa tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya shafa ƙaro a jikin baka da tsirkiya domin su kama juna, ya matsar da jaki gaba ko baya har sautin ya zauna inda muryarsa za ta iya bi. Bayan haka ne zai soma jan baka a hankali, daga wannan kai zuwa wancan, a kan sauti guda, sau da yawa, har sai ƙugi da karkarwa sun fita daga cikinsa. Mai wucewa zai ce ɓata lokaci ne. Duk wani ƙwararren mai goge a duniya kuwa da wannan yake buɗe yininsa.

Sai aikin yatsu. Sandar goge ba ta da wata alama da ke nuna inda za a taɓa, kuma ba a danne tsirkiyar har ta kwanta a kan sandar. Taɓa ta kawai ake yi, ana sarrafa nauyin yatsa. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya ɓata sauti. Ba shi da malamin da ya wuce kunnensa.

Abin da ya fi duka wuya shi ne sa goge ya yi magana. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓa na hawa tana sauka, shi ya sa gwanin goge kan iya faɗin take ko kirarin mutum ba tare da ya buɗe baki ba, masu sauraro kuma su gane. Domin ya kai wannan matsayi, saurayin yakan kunna tsofaffin faya-fayen da ya tara a wayarsa: gogen Audu Yaron Goge da na Garba Liyo, da kukumar Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka da Ibrahim Na Habu. Yakan tsayar da kiɗan bayan 'yan daƙiƙoƙi, ya kwaikwaya, ya mayar baya, ya sake. Ranar da abokinsa mai kiɗan ƙwarya ya samu sarari, sai su yi atisayen tafiya tare, domin goge ba ya tafiya shi kaɗai a fili. Ranar Juma'a kuma yakan je wurin wani tsoho, mutumin ƙasar Arewa ta wajen Kangiwa, wanda ya yi zamaninsa yana goge kafin ido ya gaza, ya gyara masa riƙon baka, ya ƙara masa taken da ba ya cikin kowane faifai.

A 1993 wasu masana halayyar ɗan Adam ƙarƙashin jagorancin Anders Ericsson sun yi bincike a kan ɗaliban gogen Turawa a wata makarantar kiɗa da ke Balin ta ƙasar Jamus. Sun gano cewa waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kimanin awa 10,000 na atisaye kafin su cika shekara 20. Idan aka yi wa saurayin Zuru irin wannan lissafi, awa 3 a kullum har shekara 6, ya haye awa 6,000. Duk wanda ya yi digiri ya san bai zauna a aji na tsawon wannan lokaci ba. Ɗalibin Balin ana kiransa mai hazaƙa. Na Zuru ana ce masa mai zaman kashe wando.

Gogen Turawa ma daga ƙasa ya taso

Akwai masu cewa kwatanta goge da abin da Turawa ke kira bayolin ganganci ne: wancan na manyan ɗakunan taro ne da mutane masu kwat, wannan kuwa na dandali ne da ƙura. Masu wannan magana ba su bibiyi tarihi ba.

Kayan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne. Masana da yawa suna danganta asalinsu da rababar Larabawa. Bakan bayolin har gobe da gashin wutsiyar doki ake yin sa, kuma ƙaron itace ake shafa masa, kamar dai yadda ake yi a gindin ɗorawa. Shi ma ba shi da alamar inda yatsa zai sauka. Bambancin da ke bayyane shi ne nasu tsirkiya 4 gare shi.

Darajar ma da ake ganinsa da ita yau ba da ita aka haife shi ba. A 1556 wani marubucin kiɗa a birnin Liyon na Faransa ya bayyana bayolin a matsayin kayan kiɗan rawa, wanda galibi masu neman abinci da shi ne ke riƙewa, alhali masu hali suna da nasu kayan kiɗan na daban. A wasu yankunan Turai an daɗe ana danganta shi da mashaya, har ma da Shaiɗan. Wato duk abin da ake faɗa a kan goge a ƙasar Hausa an taɓa faɗarsa a kan bayolin. Abin da ya sauya lissafin shi ne hukuma da makaranta. A 1626 Sarki Luwi na 13 ya kafa rukunin masu bayolin 24 a fadarsa. A 1795 aka buɗe babbar makarantar kiɗa ta birnin Faris, aka tsara darussa, aka rubuta littattafan koyarwa, aka sa jarrabawa. Sannu a hankali kayan kiɗan 'yan rawa ya zama abin alfaharin ƙasashe, har a 2011 aka sayar da ɗaya daga cikin waɗanda Antoniyo Stradivari na birnin Kiremona ya sassaƙa a kan fam miliyan 9.8.

Darasin a fili yake. Daraja ba ta cikin ice ko ƙwarya. Mutane ne ke ɗora ta, su ne kuma ke hana ta.

Inda rainin ya samo asali

Ruwa ba ya tsami banza, kuma adalci ne a faɗi dalilan da suka jefa goge a wannan hali. Na farko tsarin sana'o'in gargajiya ne. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a tsakiyar ƙarni na 20, ya nuna cewa makaɗa da maroƙa suna can ƙasa a jerin darajar sana'o'in Hausawa, kusa da mahauta. Dalili shi ne abincinsu yana hannun wani. Sai an ba su suke ci. A cikin makaɗan ma akwai hawa-hawa. Masu tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi suna raɓe da fada, inuwar sarauta na rufe su. Mai goge ba shi da wannan inuwa. Ga kuma bambancin ɗan gado da ɗan haye: wanda ya gaji kiɗa ana yi masa uzuri, wanda ya shiga da ƙafarsa, irin saurayin Zuru, ana ganin lalacewa ce ta kai shi.

Na biyu shi ne wuraren da aka saba jin goge: wasan bori, da gidajen giya, da gidajen mata masu zaman kansu. Wannan gaskiya ce, ba a musunta. Malaman jihadin ƙarni na 19 sun yi kakkausar suka a kan irin waɗannan taruka, kuma tasirin sukar yana nan.

Na uku shi ne hukuncin addini, kuma a nan wajibi ne a yi magana da ladabi. Mafi yawan malaman fiƙihu sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya. Akwai kuma waɗanda suka saɓa, irin su Ibn Hazm na Andalus. Imam Ghazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya hana su, amma daga cikin dalilan da ya kawo har da kasancewarsu alamar majalisar mashaya. Yanke hukunci a wannan saɓani aikin malamai ne. Duk wanda ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya saboda tsoron Allah, matsayinsa abin girmamawa ne, kuma babu mai ikon tilasta masa saurare.

Sai dai mafi yawan masu raina mai goge ba sa cikin wannan rukuni. Wayoyinsu cike suke da waƙoƙin fina-finai. A bikin 'ya'yansu ana ɗauko mai na'ura ya kwana yana sakin kiɗan fiyano. Lokacin zaɓe suna rawa da waƙar ɗan takararsu. Mutumin da ke yin duk wannan, sannan ya ce ba zai ba mai goge 'yarsa ba saboda addini, ya sani a ransa cewa ba addini ne ya hana shi ba. Ƙyamar talaka ce da ƙyamar abin gida, aka yafa musu rigar taƙawa. Ƙari a kan haka, Zuru gari ne na Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni, inda ake jin kiɗa a coci da dandali da gona. Hukumar da ke mulkin irin wannan ƙasa ba ta da hujjar yin kamar kiɗa ba ya cikin rayuwar jama'arta.

Jami'a ta ɗauki baki, ta bar hannu

Laifin masu ilimin boko ya fi na kowa nauyi, domin su ne ke da'awar sun san darajar al'ada. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Jami'ar Jos ta yi wa Ɗan Maraya irin wannan karamci. A sassan nazarin Hausa na Kano da Sakkwato da Zariya an rubuta kundaye masu yawa a kan waƙoƙin baka, kuma aikin da masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka yi na tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu abin yabo ne matuƙa.

To amma a duba abin da aka ɗauka da abin da aka bari. An ɗauki kalmomi, an feɗe salo da jigo da zubi. Hannun da ya yi kiɗan kuwa an bar shi a waje. Ɗalibi zai iya samun digiri na uku a kan waƙoƙin Hassan Wayam ba tare da ya san yadda ake ɗaura tsirkiyar kukuma ba. Ana karrama makaɗi bayan ya tsufa ko ya mutu, amma ba a tanadi ajin da zai koyar da magajinsa ba. Kamar a yi ta rubutu ne a kan daɗin fura alhali an bar shanun suna mutuwa.

A kudancin ƙasar nan Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. A Legas akwai ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a 1983, mai makarantar da ke horar da matasa har su samu difloma. Yaron Legas da ke son bayolin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Jihar Kebbi tana da jami'a a Aliero, da wata a Birnin Kebbi, da ta aikin gona a nan cikin Zuru, da kwalejin horar da malamai a Argungu, amma saurayin da ke gindin ɗorawa bai san ofishi ko ɗaya da zai shiga da buhunsa a karɓe shi a matsayin ɗalibi ba.

Lissafin da ke hana shi barci

Idan ya kwanta da dare, hanyoyin da ke gabansa yake aunawa, kuma kowace da ƙayarta.

Akwai kiɗan biki. Matsalarsa ita ce ba a yin ciniki. Liƙi ne, abin da Allah ya ciyar. Wata rana a tashi da abin kirki, wata rana ko kuɗin mota ba za a mayar ba. Ga shi kuma bukukuwan dare sun ja baya a ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, hanyoyin da makaɗa kan bi daga wannan kasuwa zuwa waccan sun zama abin tsoro.

Akwai waƙar siyasa, wadda ta fi kowace kawo kuɗi da sauri. Amma kakarta shekara 4 sau ɗaya ce, kuma wanda ya yi wa wannan ɗan takara waƙa ya sayi gabar wancan. Mafi muni, ita ce ke ƙara tabbatar wa jama'a cewa makaɗi maroƙi ne kawai.

Akwai tafiya Kano, cibiyar ɗakunan naɗar waƙa. A can ma fiyano ya riga shi: da maɓalli ɗaya ake fitar da wani amo mai kama da na goge, ba a biyan kowa, ba a jiran fata ta bushe. Kunnen da ya saba da na gaske ya san bambancin, kamar bambancin zuma da ruwan sukari, sai dai kunnuwan da suka san na gasken suna ƙarewa.

Akwai kuma waya. Yana iya ɗora kiɗansa a TikTok ko YouTube, kuma ya fara. Amma ya ga yadda masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa ke sayar da aikin manyan makaɗa ba tare da iyalansu sun ga ko sisi ba, duk da cewa akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Doka tana Abuja, kasuwa tana Zuru.

Hanya ta ƙarshe ita ce wadda mahaifinsa ke so: ya ajiye buhun ya nemi aikin soja.

Garin da ya san darajar juriya

A nan ne abin ya fi ciwo, domin idan akwai garin da ya kamata ya fahimci saurayin nan, to Zuru ce. Al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, ta ginu ne a kan horon jiki da haƙuri. A tsarin golmo, saurayi kan yi shekaru, bisa al'ada har 7, yana noma a gonar surukansa tare da tsaransa kafin a ba shi mata. Hikimar ita ce wanda ya jure wahala mai tsawo ba tare da ya ga sakamako nan take ba, shi ne za a iya damƙa wa amana. Wannan tarbiyya tana cikin abin da ya sa ƙasar Zuru ta yi suna wajen aikin soja, ta fitar da manyan hafsoshi irin su Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya zama Sarkin Zuru, da Janar Ishaya Bamaiyi da Janar Tanko Ayuba.

To mene ne shekara 6 a gindin ɗorawa in ba wani nau'in golmo ba? Tashi da asuba, maimaita abu ɗaya har yatsu su yi kanta, biyayya ga tsohon malami, haƙuri da dariyar tsara: duk siffofin da garin ke yabo ne a wurin manomi da ɗan kokawa da soja.

Ga kuma abin mamaki. Rundunar sojan Najeriya tana da sashen badujala, tana da makarantar koyar da kiɗa. Da saurayin nan zai shiga soja a tura shi can, ya koyi busa ƙahon Turawa, ya dawo gida da kaki, da ya samu albashi da fansho da gaisuwar girma, kuma uban yarinyar da ya ƙi shi yau da ya karɓe shi hannu bibbiyu. Makaɗi ne a can, makaɗi ne a nan. Kaki ne kawai ya raba su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kiɗa ake ƙi ba.

Abin da maƙwabta suka yi

Ba sai an je Turai ba. A ƙasar Dagomba da ke arewacin Gana, wannan goge ɗin dai kayan fada ne; masu shi suna raɓe da sarakuna, suna cikin masu adana tarihin gidan sarauta. Farfesa Jacqueline DjeDje ta kwatanta matsayin mai goge a tsakanin Fulani da Hausawa da Dagomba a wani littafi da ta wallafa a 2008, kuma abin da kwatancen ya fito da shi shi ne kaya ɗaya na iya zama abin girma a nan, abin raini a can, gwargwadon wurin da al'umma ta ajiye shi.

Abzinawa suna da nasu gogen mai tsirkiya ɗaya, imzad, wanda mata ke kaɗawa. Da aka ga tsofaffin da suka iya shi sun kusa ƙarewa, sai aka kafa ƙungiya da makaranta a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, aka zaunar da 'yan mata a gaban tsofaffin. A 2013 hukumar UNESCO ta sa imzad a jerin kayan gadon ɗan Adam da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya tun 1989. Daga Nijar ɗin ne kuma Malam Mamman Barka ya tashi a 2002 ya tafi gaɓar Tafkin Chadi, ya zauna a gaban Bukar Tar, gwani na ƙarshe da ya rage a kan biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya 5, ya koya, ya kai shi manyan dandamalin duniya kafin rasuwarsa a 2018. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru, da biram ya bi mai shi kabari. Ali Farka Ture na Mali, wanda ya ci kyautar Grammy, bai taɓa jin kunyar ɗaukar ƙaramin gogensa na gargajiya a gaban Turawa ba.

Kebbi ma ta san wannan hanya. A 2016 UNESCO ta karɓi bikin kamun kifi na Argungu a cikin wannan jeri, gwamnati kuma tana alfahari da haka. Amma yadda ake mu'amala da makaɗa a irin waɗannan bukukuwa sananne ne: a kwaso su a mota, su yi wa manyan baƙi wasa, a ɗauki hoto, a sallame su sai wata shekara. Biki baje koli ne. Idan ba a kula da masaƙa ba, wata rana za a buɗe rumfa a tarar babu abin bajewa.

Uzurin da ba ya karɓuwa, da laifin da ba a ɓoyewa

Za a ce ana fama da 'yan bindiga da tsadar abinci, wa ke ta goge? Tambaya ce mai nauyi, amma amsarta tana cikinta. Yankin da matasansa ke zaune babu aiki, wasu har ana jan su zuwa daji, bai kamata ya raina sana'ar da ke zaunar da saurayi wuri ɗaya awa 3 a kullum yana horar da kansa ba. Bayan mai goge akwai mai ƙwarya, da 'yan amshi, da mai fafe ƙwarya, da mai jima. Abin da ake buƙata kuma bai kai kuɗin motar rakiya ɗaya ta wani babban jami'i ba.

Su ma makaɗan suna da nasu kason. Da yawa sun ɓoye iliminsu har suka mutu da shi. Wasu sun mayar da zambo makamin karɓar kuɗi, wasu sun zubar da mutuncinsu a gaban 'yan siyasa, wasu kuma sun riƙe shaye-shaye kamar wani sharaɗin sana'a. Matashin da ke son a girmama gogensa wajibi ne ya fara girmama kansa: ya yanka farashin aikinsa kafin ya fita, ya cika alƙawarin lokaci, ya ƙi zagin kowa don a biya shi, ya nisanci abin da ya ɓata sunan magabata.

Sauran aikin na masu iko ne, kuma ba shi da wuya. Masarautar Zuru tana iya sa gasar goge da sauran kayan kiɗan gargajiya na matasa a cikin bikin Uhola, da kyauta mai tsoka, domin yabon sarki yana wanke sana'a fiye da wa'azin 'yan boko. Ma'aikatar da ke kula da al'adu a Birnin Kebbi tana iya bin tsofaffin makaɗa gida-gida ta naɗi kiɗansu da bayaninsu, ta kuma riƙa biyan kowane gwani ɗan alawus bisa sharaɗin ya koyar da yara biyu ko uku. Kwalejin horar da malamai tana iya buɗe kwas na kayan kiɗan gida, ta ɗauki gwanayen a matsayin masu koyarwa ko da ba su da takardar boko, domin takardarsu tana yatsunsu. Gidajen rediyo su biya makaɗi idan sun sa kiɗansa. Mai biki kuma ya yi ciniki da mai goge kamar yadda yake yi da mai rumfa da mai abinci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohon nan na ƙasar Arewa ya haura shekara 70, kuma akwai taken da har yanzu bai gama miƙa wa ɗalibinsa ba. Saurayin kuwa an ce masa idan aka buɗe ɗaukar sabbin sojoji a bana, ko dai ya cike takarda ko ya nemi wani gidan. Uban yarinyar da yake so ya aiko cewa a dawo da magana idan ya samu sana'a. A makon da ya aiko da saƙon, an gan shi a wani biki yana liƙa wa saurayin kuɗi a goshi.